Ai Dabba Ce, Malam

Saura kwana goma sha ɗaya Babbar Sallah ragona ya daina cin abinci. Farin balami ne, wata huɗu ina kiwonsa a bayan gida, dusar alkama safe da yamma, harawa sai ranar da aka samu. Da asuba na tarar da shi a turke ya gantsare, ya ware ƙafafun baya yana ta yunƙuri, fitsari ba ya fita sai ɗigo. Cizon haƙora yake yi har ana jiyo ƙarar daga bakin ƙofa, jefi-jefi ya kai wa cikinsa shuri. Muka sa shi a bayan a-kori-kura sai asibitin dabbobi.

Wanda ya karɓe mu ya san aikinsa, ba zan tauye masa wannan ba. Kallo ɗaya ya yi wa ragon ya tambayi abin da nake ba shi. Da na ce dusa, sai ya gyaɗa kai. Tsakuwa ce, in ji shi. Dusa zalla babu ciyawa babu wadataccen ruwa ita ke tara ta a mafitsara, ta gangaro ta toshe ɗan tsinin nan siriri da ke ƙarshen hanyar fitsarin rago. In aka bar shi kwana ɗaya ko biyu mafitsarar na iya fashewa. Sai an datse tsinin. Ya kira samari uku suka danne ragon suka zaunar da shi, shi kuma ya ɗauko almakashi. Ban ga an zuƙo wata allura ba.

Na ce, "Likita, ba za a ɗan kashe masa wurin ba?"

Bai ɗago kai ba ya ce, "Ai dabba ce, Malam. Yanzu za a gama. Kuma allurar kuɗi ce, mutane ba sa son a ƙara musu."

Rago ba mai yawan kuka ba ne, amma ranar na ji wani gurnani ya fito daga maƙogwaronsa, jikinsa duka yana ɓari a hannun samarin. Fitsari ya zubo, ragon ya rayu, na biya na yi godiya. Laifina biyu ne a ranar: ni na ɗura masa dusar da ta jawo ciwon, kuma da aka ce allurar kuɗi ce ban buɗe baki na ce a yi zan biya ba. Na yi shiru saboda kunyar a ce ina koya wa likita aikinsa.

Tun daga ranar kalmar nan ta zauna mini a rai. Mutumin ba mugu ba ne, ya ceci dabbata. Sai dai a lissafinsa, da nawa, da na yawancinmu masu kiwo, aiki ya yi kyau muddin dabba ba ta mutu ba, ba ta rame ba, farashinta bai faɗi ba. Zafin da ta sha a tsakani ba ya shiga lissafin. Ni kuwa ina ganin kashe wa dabba zafi wani sashe ne na maganin kansa, kuma likitan da ya yanka ko ya ɗinka ko ya dandaƙe ba tare da shi ba, rabin aiki ya yi, ko da dabbar ta tashi garau.

Yana da kyau a san inda aka samo wannan hali. Aikin likitancin dabbobi na zamani ya shigo ƙasar nan ne a matsayin yaƙi da annoba. Ciwon bushiya ya shigo Afirka ta tashar Massawa a 1887 tare da shanun da sojojin Italiya suka kawo, cikin 'yan shekaru ya iso ƙasashenmu ya share garkunan Fulani, a wasu wuraren da ƙyar saniya ɗaya cikin goma ta tsira. Da Turawa suka kafa mulki, shanu su ne jangali, su ne fata da ƙirgi da ake fitarwa waje, don haka dole a tsare su. Wannan ne ya haifar da ɗakin binciken da aka kafa a Vom a 1924, wanda har gobe yake haɗa alluran rigakafi. Malaman dabbobi na wancan zamani ruga-ruga suke bi, a tara shanu ɗaruruwa a shinge, a soka allura, a yi wa kunne alama, a wuce gaba. Bushiya ta sake dawowa a 1983 ta yi ɓarna, aka sake tashi tsaye, sai a 2011 aka bayyana cewa an kawar da ita daga duniya baki ɗaya. Wannan babbar nasara ce, kuma duk mai shan nono yana da bashin godiya a wuyansa. Amma sana'ar da ta girma tana ƙidayar kawuna idonta a kan garke yake. Saniya ɗaya da ke nishi a gefen shinge ba ita aka zo dubawa ba.

Ita ma dabbar ba ta taimaki kanta ba. Saniya da tunkiya da akuya halittu ne da kura da zaki ke farauta, kuma a daji wadda ta nuna rauni ita ake fara ɗauka. Don haka Allah ya halicce su da ɓoye ciwo. Jaki ya fi su duka: zai tsaya shiru, kai a sunkuye, kunnuwa a saki, alhali cikinsa na murɗawa murɗawar da za ta sa doki birgima a ƙasa. Mu kuma muka ɗauki shirun a matsayin shaidar ba sa ji. Ba mu kaɗai muka yi wannan kuskure ba. Har cikin shekarun 1980 akwai manyan asibitoci a Turai da Amurka da ke yi wa jariran mutane tiyata ba tare da isasshen maganin kashe zafi ba, bisa zaton jijiyoyinsu ba su nuna ba. Duk wanda ba ya iya faɗin inda ke masa ciwo, abu ne mai sauƙi a yanke masa hukuncin ba ya ji.

Yau masana sun tabbatar da cewa hanyoyin da ke kai saƙon zafi zuwa ƙwaƙwalwar rago irin namu ne, magungunan da ke toshe su ma kusan iri ɗaya ne. Har ma'aunin karanta zafi a fuskar dabba an tsara: na ɓera a 2010, na doki a 2014, na tunkiya a 2016. Ana duba yadda ido ke ƙanƙancewa, yadda kunne ke komawa baya, yadda hanci da leɓe ke tamkewa. Da na ji wannan sai na tuna tsofaffin makiyaya. Bafulatani zai leƙa garke da sassafe ya ce wance ba ta kwana lafiya ba, tun ba ta daina tuƙa ba, daga tsayuwarta kawai da yadda ta riƙe kunne. Ilimin yana nan a rugage tun kafin a zana shi a takarda. Abin da ya rage shi ne likita ya ɗauke shi da muhimmancin da yake ɗaukar ma'aunin zafin jiki.

Na sha jin ana cewa maganar jin daɗin dabbobi ta Turawa ce, mutanen da suka ƙoshi har suke kwana da karnuka. Gaskiya ne cewa tsarin da duniya ke bi yanzu daga Ingila ya taso: kwamitin Brambell ya yi rahoto a 1965 kan yadda ake cunkusa dabbobi a gonakin zamani, daga baya aka fitar da haƙƙoƙi biyar, wato a raba dabba da yunwa da ƙishi, da takura, da ciwo, da tsoro, a kuma bar ta ta yi ɗabi'ar da aka halicce ta a kai. To amma wane ne a cikinmu ya yi Islamiyya bai haddace hadisi na 17 a Arba'una ba, wanda ya umarci mai yanka ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa? Wane ne bai ji labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba, ko mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare, ko raƙumin da ya zubar da hawaye da ya ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har ya nemi mai shi ya yi masa faɗa kan yunwa da yawan aiki? Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu shekaru aru-aru, ta yi maganar fiɗiya da lalas ƙarara: ta halatta fiɗiyar tumaki da awaki saboda gyaran nama, ta kawo hani a kan ta dawaki, ta karhanta lalas a fuska. Malaman nan sun zauna sun auna wace azaba ce ke da dalili, wace ce ba ta da shi, a zamanin da babu allurar kashe zafi ko ɗaya a duniya. Yanzu da allurar take cikin kwalba a kan kanta, uzurin da suka yi wa mai wuƙa bai kai gare mu yadda ya kai gare su ba. Abin da ba makawa sai an yi, kamar fiɗiya, an halatta aikin ne don amfaninsa. Raɗaɗin da za a iya ɗaukewa aka ƙi ɗaukewa kuwa, ban ga inda aka halatta shi ba.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta gaskiya, kuma ba na raina ta. Matar da ta kawo akuyarta guda, wadda ita ce bankinta, ita ce kuɗin makarantar ɗanta, kowace naira da aka ƙara mata tana ji a jikinta. Asibitocin gwamnati da yawa babu magani a ma'ajiyarsu, likita da kuɗin aljihunsa yake sayo kayan aiki. Ƙananan hukumomi nawa ne babu cikakken likitan dabbobi ko ɗaya, sai ma'aikacin da ke zagaya ƙauyuka a babur? Duk na yarda. Amma lidoken, allurar da likitan haƙori ke kashe dasashi da ita, tana cikin mafi arahar magungunan asibiti. Bara na ga wata matashiyar likita ta zo fiɗiye bajimin maƙwabcina da zai sa a garma. Ta soka allurar, ta tsaya tana duba agogo. Maigidan ya ƙosa ya ce, "Likita, rana na yi." Ta ce, "Baba, a ƙara haƙuri minti biyar, yanzu yana ji." Sai da ta tsikari wurin da bakin allura ta ga bai motsa ba sannan ta fara. Mutum biyu suka riƙe shi, ba shida ba. Abin da ta ƙara masa na allurar bai kai kuɗin dusar da bajimin ke ci a kwana biyu ba. Abin da ya fi tsada a aikin nan shi ne minti biyar ɗin, da ƙarfin halin faɗa wa dattijo ya jira.

Ana iya lallashin mai dabba da hujjar riba, kuma hujjar gaskiya ce: dabbar da ke cikin raɗaɗi ba ta ci, ba ta ƙiba, nononta na raguwa, mikinta na daɗewa bai warke ba. Likitoci su yi amfani da ita. Sai dai ba na so a tsaya a kanta, domin ranar da lissafin riba ya ce a bar dabba ta sha wuya, me za mu ce? Likitan mutane majinyacinsa ne ke biyansa, shi ke yi masa ƙorafi, shi ke sauya asibiti in bai gamsu ba. Likitan dabbobi kuwa tsakanin biyu yake: mai biya daban, mai jin zafi daban. Mai biya yana da baki, yana da aljihu. Ɗayan ba shi da kowa a ɗakin nan sai likitan. In shi ma ya koma ɓangaren aljihu, an bar dabba ita kaɗai.

Kada wani ya karanta wannan ya ruga kemis. Kashe zafi aikin masani ne, don maganin da ya yi wa wata dabba daidai yana iya zama guba ga wata. Farasitamol da muke sha kamar gyaɗa, ƙwaya ɗaya na iya kashe kyanwa. A Indiya an yi ta yi wa shanu allurar diklofenak, angulayen da suka ci mushensu ƙodarsu ta lalace suka mutu har suka kusa ƙarewa, sai da gwamnati ta hana amfani da shi ga dabbobi a 2006 aka koma meloksikam. Kowane magani kuma yana da kwanakin da za a jira kafin a yanka dabba ko a sha nononta. A kasuwanninmu kuwa ana baje Terramycin da Berenil da Samorin a rana kamar tumatir, kowa likitan garkensa ne, ana shafa wa mikin jaki baƙin mai da garin batir. Wannan ma cutarwa ce, ko da da kyakkyawar niyya aka yi ta.

Hannun likita bai tsaya a asibiti ba. Shi ke duba dabbobi a kara, shi ke sa hannu a takardar tafiya, shi ke tsaye a mahauta. A je Maigatari ko Potiskum ko Wudil ranar kasuwa a ga yadda ake loda tirela: a murɗe wutsiya har ta karye, a sa sanda a ido, a ɗaure ƙaho da ƙaho, sannan a kama hanyar Legas, tafiyar fiye da kilomita 1,000, da yawa ba ruwa ba hutu. Wadda ta faɗi a cikin mota 'yan'uwanta ne za su tattake ta har a isa. A mahauta kuma ana farke cikin saniya a tarar da ɗan maraƙi ya kusa haihuwa, abin da dubawar minti biyu kafin yanka za ta hana. Farfesa Temple Grandin ta Amurka ta shafe rayuwarta tana nuna cewa saniya na turjewa ne saboda inuwa a ƙasa, ko tsumma mai lilo, ko ihu, kuma in aka gyara hanya za ta shiga da ƙafarta. Yaron Fulani ɗan shekara goma da ke kora shanu hamsin da baki kawai ya riga ya san haka. Duka da murɗa ba gwaninta ba ce, gaggawa ce da rashin mai tsawatarwa. Dokokin hukunta laifuka na ƙasar nan, na Arewa da na Kudu, duka sun haramta zaluntar dabba. Likitan da ke riƙe da biro a bakin tirela yana da ikon ya ce wannan gurguwar ba za ta hau ba, kuma ya kamata hukumar da ta tura shi ta tsaya masa in dillalai suka taso masa.

Tunda aka kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta tarayya a 2024, maganar da ake ta yi ita ce yawan nama da madara da kuɗin shiga. Ina fata a sa da maganar yadda dabbar ke rayuwa kafin ta zama nama. Majalisar da ke yi wa likitocin dabbobi rajista tana iya mayar da kashe zafi sharaɗi a kowace tiyata, yadda wanda ya bari zai san ya saɓa ƙa'ida. Tsangayoyin likitancin dabbobi na jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri da sauransu su ne ke ƙera hannun da zai riƙe almakashi gobe. Ɗalibin da tun a aji aka saba masa da cewa ba a taɓa wuƙa sai an zuƙo allura, da wuya ya bari in ya fita. Mu masu dabbobi kuma mu koyi tambaya ɗaya, wadda na kasa nacewa a kanta: me za a ba shi don zafi?

Akwai wani ɓangare da kusan ba a taɓa shi, kuma shi ya fi ci mini rai. Rago ko sa in ciwo ya gagara, wuƙa na hutar da shi, don namansa na da kuɗi. Jaki fa? Doki fa, da kare? Jakin da ya shekara goma sha biyar yana ɗaukar mangalar yashi, akumari ya cinye masa gadon baya, ranar da ya karye sai a kwance masa igiya a kora shi bola. Wanda ya tsira daga wannan kuma masu fataucin fata ne ke jiransa, cinikin da ya yi ƙamari har Tarayyar Afirka ta amince da hana yanka jakuna don fatarsu a Fabrairun 2024. Dokin da aka yi wa ado ranar hawan sallah, linzami ya tsaga masa baki, ƙaimi ya huda masa ciki, shi ma in ƙafa ta karye makomarsa ke nan. Mutane suna jin tsoron ɗaukar rai, suna ganin barin dabba ta mutu da kanta shi ne tsoron Allah. Alhali Muhtasar na Shehu Halil, wanda alƙalanmu suka yi hukunci da shi tun zamanin Shehu Ɗanfodiyo, ya halatta yanka dabbar da ba a cin namanta idan an fid da rai da ita, masu sharhi kuma suka ce don a hutar da ita ne. Likitoci suna da allurar da ke sa dabba barci ta wuce ba tare da ta ji komai ba. Fiƙihun yana nan, allurar tana nan, amma ba a haɗa su an kai wa mai jaki ba.

A damunar da ta wuce wani jaki ya kwana uku a bakin kwalbatin unguwarmu, mota ta karya masa ƙugu. Yana jan ƙafafun gaba yana son tashi, ƙudaje sun rufe masa ido, yara na jifansa, manya na wucewa suna cewa Allah sarki. Wata tsohuwa ce ke kawo masa ruwa a kwano safe da yamma. Na tambayi mai unguwa, na tambayi limami, babu wanda ya san mai shi, babu kuma wanda ya yarda ya ɗauki nauyin cewa a hutar da shi. Abin da muke bukata a ranar bai taka kara ya karya ba: malami ɗaya da ya taɓa faɗa a rediyo da Hausa cewa ya halatta, da lambar asibitin dabbobi da za a kira a ɗauka, da kwalba ɗaya a ma'ajiyarsu da aka ware don irin wannan. A rana ta huɗu masu kwasar shara suka zo da igiya suka ja shi.